Ƙaramin jirgi ya fi babba cin kai: yadda gwajin gaggawa ya kasance mana a Accra

Duk mai aikin ba jiragen sama hannu, sabo ne ko ya tsufa a kujera, akwai lokacin da ake dawo da shi ɗakin simileta, wato na'urar kwaikwayon aiki, a sake gwada shi a kan halin gaggawa. Ba don ya yi laifi ba, a'a, dalilin shi ne mutum zai iya shekara da shekaru yana aiki bai taɓa jin ana kiran meide, kiran da matuƙi ke yi in rai na cikin haɗari, a kunnensa ba, kuma ba a so ranar da zai ji ta gaske ta zama ranar da zai fara tunanin me ake yi. Namu zagayen ya faɗo cikin hunturu, lokacin da hazo ya lulluɓe Accra har in ka tsaya a Nima da yamma sai ka ji ƙarar jirgi a sama amma baka ganinsa.

Bari in gyara wani abu saboda 'yan unguwa, don har yanzu akwai masu cewa ai wane ne ke riƙe sanduna biyu a gaban jirgi yana masa nuni. Wannan aikin wasu ne daban. Mu wasu suna saman hasumiya suna kallon titin jirgi da idonsu, wasu kuma muna ɗakin rada, ba taga ba komai sai allo da abin kunne da rediyo. Ni ɓangaren afuroc nake, wato mu ne muke karɓar jirage tun daga nesa mu jera su ɗaya bayan ɗaya har su kamo hanyar sauka sannan mu miƙa wa hasumiya. Kuma filin jirgin Accra, wanda aka fi sani da Kotoka, titi ɗaya ne tal, ana ce masa 03 ta wannan kan, 21 ta wancan kan, yawanci 21 ake amfani da shi saboda iskar teku, jirage su biyo ta saman su Adenta da Madina su sauko. Titi ɗaya kuwa ma'anarsa in wani ya toshe shi kowa sai ya jira.

An fara da aji. Malaminmu dattijo ne da ya daɗe a aikin, Alhaji muke ce masa, ya shigo bai ko buɗe kwamfuta ba ya ce wanne ya fi baku tsoro, Boeing mai mutum 300 da inji ɗaya ya mutu, ko Cessna mai mutum 2 da direbanta ya ce injinsa na tari. Kusan dukanmu muka ce Boeing mana, Alhaji, rai 300 fa. Ya yi dariya ya ce to ku lissafa. Babban jirgi matuƙa biyu ne, ɗaya na tuƙi ɗaya na magana da kai, inji biyu ne kuma an ƙera shi ya tashi ya sauka da guda, suna da littafin matakai da suke bi layi-layi, ana kai su simileta a kai a kai, kuma su ne za su faɗa maka abin da suke so, kai naka kawai ka share musu hanya. Shi kuwa na Cessna mutum ɗaya ne, inji ɗaya, wataƙila ɗalibi ne ko wanda ke tashi jefi-jefi, hannunsa ɗaya a sitiyari ɗaya na lalube, shi ne direba shi ne mai duba hanya shi ne mai rediyo, kuma mafi muni ba zai faɗa maka gaskiyar halin da yake ciki ba. Ba ƙarya zai yi ba, kunya ce da tsoron cika takardu da kuma fatan abin zai gyaru da kansa.

Sai lissafi, wanda shi ne na fi riƙewa a duk ajin. Cessna 172 in injinta ya tsaya ba faɗuwa take kamar dutse ba, tana shawagi, duk ƙafa 1 da ta sauka tana ci gaba kamar ƙafa 9. A sauƙaƙe duk ƙafa 1,000 ta tsawo tana baka mil ɗaya da rabi, mil ɗinmu kuma na teku ne, kusan kilomita 1.85. Kaga in yana ƙafa 3,000 to mil 4 da rabi ne iyakarsa, lokaci kuma minti 4 ko ɗan fiye da haka, in iska na fuskantarsa ma a rage. To duk kwanturolan, wato mai ba jirage hannu irinmu, da ya ce wa irin wannan jirgin sauko zuwa ƙafa 2,000 ya cinye masa mil ɗaya da rabi daga aljihu, kuma babu mai mayar masa. Mu kuwa hannunmu ya saba da saukar da jirage, abin da muke yi kenan safe da yamma, sauko kaza, juya kaza, rage gudu, shiga layi. Ga kuma dokar guguwar da manyan jirage ke bari a bayansu, ƙaramin jirgi sai an bashi mil 6 a bayan mai nauyi, mil 5 a bayan matsakaici, kuma gudunsa na sauka bai wuce kilomita 120 a awa ba alhali jet na yin wajen 260, saboda haka dabi'ar kowane kwanturola ita ce ya tura ƙaramin gefe ya yi zagaye har manya su gama. A ranar lafiya wannan daidai ne. A ranar da injinsa ke tari wannan dabi'ar ce ke kashe shi.

Alhaji ya kawo mana rahotannin hukumar binciken hatsari ta Amurka, don su suna da ƙananan jirage da yawa kuma suna buga komai kowa ya karanta. Akwai na Palm Coast a Florida, watan Janairu 2013, jirgi ƙirar Bonanza, direban ya ce jirgi na girgiza kuma man inji ya samu matsala amma bai fito fili ya ce injin ya mutu gaba ɗaya ba, masu rada su ma basu gane girman abin ba suka zagaya da shi nesa da fili don ya shigo ta hanyar da aka saba, bai kai ba, ya faɗa kan wani gida, mutum 3 da ke ciki suka rasu. Akwai na Long Island a jihar New York, Agusta 2015, shi ma Bonanza, inji ya tsaya, kwanturola ya duba allonsa ya ga alamar wani ɗan fili a Bethpage ya tura shi can, ashe an daɗe da rufe filin har an yi gine-gine a wurin amma ba a goge shi daga taswirar rada ba, direban ya ƙare a kan layin dogo ya rasu. Wannan na biyun ya dame ni sosai wallahi, don mutumin ya yi abin da kowa zai yi, ya yarda da allonsa. Sai kuma na kogin Hudson a 2009, inda ƙaramin Piper ya yi karo da jirgi mai saukar ungulu na 'yan yawon buɗe ido mutum 9 suka rasu, kwanturolan yana kan waya yana hirar da ba ta aiki ba, direban ya maimaita lambar tashar rediyo ba daidai ba bai kama ba. Wancan ma ba yawan aiki ba ne, ƙarancinsa ne, don in aiki ya yi sanyi hankali na tafiya yawo.

Daga nan aka shiga simileta. Tsarin shi ne ɗaki biyu, ɗaya kamar ɗakin rada na gaske, ɗayan kuma na masu kwaikwayon matuƙa, kana zaune da kwamfuta kana tuƙa jirage 3 ko 4 da maɓallai kana amsa rediyo da muryar direba. Juyi ake yi, yau kai ne kwanturola gobe kai ne direba, kuma ni dai a kujerar direba na fi koyon abu, don a nan kake ganin yadda umarnin mutum ke sauka a kan wanda ke sama.

Na farko da na yi wa direba wani abokina ne ɗan Aboabo na Kumasi, mutum mai natsuwa, aikinsa tsaf. An bani takarda cewa ni ɗalibi ne ina dawowa daga wajen Akosombo, in ce masa injina na ɗan yin wani iri amma kar in ce meide sai in ya tambaye ni kai tsaye. Na faɗa. Ya ce ya ji, ya ce in sauko ƙafa 2,000, ya juya ni gabas ya ce ni ne na 3 a layi bayan jet biyu. Muryarsa lafiya lau, tazararsa cif, babu dokar da ya karya ko ɗaya. Alhaji na tsaye a bayana ya dafa kafaɗata ya ce kashe injin. Na kashe, na kira meide sau uku, abokina ya juyo da ni nan take ya kori kowa daga hanya amma lissafi ya riga ya ƙare, ina mil 8 da ƙafa 2,000, mil 3 kawai nake da shi. Ɗigon ya ɓace a wajen da in gaske ne rufin gidajen mutane ne. Ɗakin ya yi tsit, duk da kowa ya san wasa ne.

Wata 'yar uwarmu kuma akasin haka ta yi, ta gane gaggawa ce tun kalmar farko, sai dai ta cika shi da magana. Nata direban ya shiga hazo ne baya ganin ƙasa baya ganin sama, kuma bashi da horon tuƙi da agogunan jirgi kaɗai. Dokar masu tashi da ido tana son ka ga aƙalla kilomita 5 a gabanka, hazon hunturu kuwa yana iya rage maka shi ƙasa da haka ba sallama, musamman in kana fuskantar rana da yamma. In mutum ya daina ganin inda ƙasa ta haɗu da sama kunnensa na ciki sai ya fara masa ƙarya, jirgi na karkacewa shi yana jin a miƙe yake. Akwai tsohon gwajin da aka yi a jami'ar Illinois a 1954 da matuƙa 20 marasa wannan horon, matsakaicin lokacin da suka ɗauka kafin jirgi ya ƙwace musu daƙiƙa 178 ne, ko minti 3 bai cika ba. Abin da ya kashe John Kennedy ƙarami kenan a 1999 da Piper ɗinsa, dare da hazo a saman teku. To ita sai ta hau tambaya, ku nawa ne a ciki, man ka na awa nawa ne, sa lambar gaggawa 7700 a taransifonda, na'urar da ke nuna jirgi a allon rada, koma tasha kaza, juya dama ka hau ƙafa 4,000, duk a cikin numfashi biyu. Kowace tambaya a littafi take, amma duk sanda ya sunkuya zai murɗa lamba idonsa ya bar agogon da ke nuna masa fukafukai a miƙe suke ko a karkace. Abin da ake so shi ne abu ɗaya a lokaci ɗaya, miƙe fukafukai tukuna, kar a haɗa masa juyi da hawa, kar a canja masa tasha sai dole, in kana ganinsa a allo bar shi da lambar da yake kai, in tashar ta cika sauran jiragen ne za ka kwashe zuwa wata tashar ba shi ba. Su kansu matuƙa an koya musu tuƙi farko, sai hanya, magana ce ta ƙarshe, saboda haka in ya yi shiru ba raini ba ne, aiki yake.

Na uku kuma, wanda ya fi yawa a cikinmu gaskiya, shi ne ido ya maƙale a wuri ɗaya. Mutum ya ba ƙaramin jirgin duk hankalinsa, ya yi masa komai daidai, can gefen allo kuma jet biyu da ya ajiye suna zagaye sun fara kusantar juna a tsawo ɗaya har sai ƙararrawar na'ura ta yi kuka. Tazarar da muke tsarewa mil 5 ce a gefe ko ƙafa 1,000 a tsaye, kuma jirage biyu masu fuskantar juna suna cinye mil 5 cikin ƙasa da minti ɗaya. In kana son ka gane yadda kan mutum yake a wannan kujerar, ka tuna mai waakye, wato shinkafa da wake, da ƙarfe bakwai na safe, mutum goma sun miƙo kuɗi kowa na faɗin nasa, wannan da taliya wannan ba gari wannan ƙwai biyu, duk ta riƙe a ka bata rubuta komai ba, sai aka zo aka ce mata ɗanta ya faɗa kwata. Duk abin da ta riƙe zubewa zai yi, kuma namu kwastomomin basa iya tsayawa su jira, tafiya suke da gudun kilomita 400 ko fiye.

Ranar nawa gwajin da na isa aka ce in zauna a waje tukuna, kar in ji abin da ake shiryawa. Mai gwajin ba Alhaji ba ne, wani ne daban da baya dariya, ya zauna a bayana da takarda da nasa abin kunne. An bani yamma, titi 21, hazo, ana gani kilomita 4. An fara a hankali, jet ɗin Kumasi, mai farfela daga Tamale, ɗaya daga Legas, sai babba daga Turai, sai wani zai tashi zuwa Abijan, sai aka ƙara wani na kaya. Haka suke yi, sai sun ga kanka ya cika taf sannan su sako abin. Ina tsakiyar ba na Legas umarni sai wata murya ƙasa-ƙasa ta shigo, Turanci muke yi a rediyo amma ma'anar ita ce, Accra, ina mil 12 arewa maso gabas, ƙafa 3,500, injina baya tafiya daidai, zan so in dawo in ba damuwa.

In ba damuwa fa. Wannan ladabin shi ne tarkon. Na ce masa na ji, tsaya a tsawonka kar ka sauko, nufi fili kai tsaye, na bashi kwas. Sannan tambaya ɗaya, injin yana baka ƙarfin da za ka riƙe tsawo ko kana sauka. Ya ce yana riƙewa amma da ƙyar. Ban jira ya ce meide ba na ce masa na ɗauke shi a matsayin gaggawa, don kwanturola yana da ikon yin haka da kansa, kuma na ɗaga hannu na kira oga na ce ina son mutum na biyu yanzu.

A nan zan tsaya kaɗan don wannan ɗaga hannun ya fi komai wahala a aikinmu. Akwai girman kai a tsakaninmu, ba wanda ke son a ce wane jirgi 6 sun gagare shi, sabo na tsoron a ce bai iya ba, tsoho na tsoron a ce ya gaji, sai mutum ya yi ta cijewa har abu ya lalace. Masu gwaji kuwa suna duba agogo ne su ga daƙiƙa nawa ka ɗauka kafin ka nemi taimako, da wuri maki ne, ba ragi ba. Kowa a aikin ya san labarin Überlingen a iyakar Jamus da Suwizalan a 2002, mutum ɗaya da dare yana kula da allo biyu abokin aikinsa ya je hutu, ga wasu na'urori ana gyara, jirage biyu suka yi karo mutum 71 suka mutu, yawancinsu yara. Ba rashin iyawa ba ne, mutum ɗaya ne aka bar wa aikin mutum biyu.

Na biyun ya zauna kusa da ni ya ɗauki wayoyi, ya kira hasumiya ya ce a tsayar da duk mai tashi, a danna ƙararrawar 'yan kwana-kwana, su kuma dokarsu su iya kai wa ƙarshen titi cikin minti 3, ya kira ɓangaren da ke sama da mu ya ce kar a ƙara turo mana kowa. Ni kuma na ce kowa ya yi shiru a tashar akwai gaggawa, na cire jet ɗin Kumasi da ya riga ya kamo hanyar sauka na haurar da shi na juya shi waje, na ajiye sauran suna zagaye kowa da tsawonsa. A nan suka sa ɗan tarkonsu na biyu, na ce wa na Tamale ƙafa 5,000 ya maimaita 4,000, inda na riga na ajiye na Legas, na kusa da ni ne ya taɓa hannuna ya nuna 'yar takardar jirgin, na gyara kafin ya motsa. Kunne yana jin abin da yake sa ran ji ne, musamman in rabin kanka na wani wuri, kuma amfanin kunne na biyu kenan.

Ƙaramin yana ta matsowa, mil 9, mil 7, ni kuma ina ta lissafi a raina, yanzu in ya mutu bai kai ba, yanzu ma bai kai ba. Duk wannan lokacin ina tunanin me zan ce masa in ya tsaya a nan, kuma gaskiya arewa maso gabashin Accra ba wurin faɗuwa ba ne yanzu, inda a da fili ne da ciyawa duk ya zama gidaje, ga tsaunukan Aburi a gefe ɗaya, sai ka yi can wajen Shai Hills kafin ka samu sarari. Abin da zan iya bashi shi ne iska daga ina take da kuma ina ne ya fi ƙarancin gini, zaɓin nasa ne, shi ke ganin ƙasa ni ɗigo nake gani. Na bari sai da na ji muryarsa ta ɗan kwanta sannan na tambayi su nawa ne da man da ya rage, na faɗa masa nisa sau ɗaya duk mil biyu, na ce an kunna masa fitilun titi har ƙarshe ya faɗa min in ya gani. Ban ce ya koma tashar hasumiya ba, hasumiya ta bani izinin sauka ta waya na miƙa masa. A mil 4 yana ƙafa 3,200 suka kashe injin. Ya kira meide, na ce na ji, titi 21 naka ne, iska kaza, mil 4 a gabanka, na yi shiru. Wannan shirun ya fi duk maganar da na yi nauyi, bakinka na ƙaiƙayi kana son ka ce wani abu amma ba abin da zai ƙara masa. Ya sauka.

Kuma ba a tsayar da gwajin a nan ba, don jirgin ya mutu a kan titi sai an ja shi, ga jirage 5 a sama kowa na faɗin mansa, na Turai ya ce minti 20 kawai zai iya jira in ba haka ba zai karkata, sai ka sake gina layin daga farko alhali hannunka na ɗan rawa. Mai gwajin ya ce mana daga baya kurakurai da yawa a nan suke faruwa, bayan an ce alhamdu lillahi jiki ya saki.

Sai sauraron faifai. Komai na rediyo da waya da allo ana naɗa, a aikin gaske ma haka ne kuma ana ajiyewa aƙalla kwana 30. Da aka tambaye ni minti nawa aka yi daga kiran farko zuwa sauka na ce zai kai 20, faifai ya ce 9. Jin muryarka kuma ba daɗi, inda kake zaton a natse kake sai ka ji kana gudu. Ya tsayar da faifan wuri-wuri yana tambaya me ya sa ka yi kaza, me kake kallo a nan, in da mutum na biyu bai samu ba wa za ka fara saukewa daga kanka. Mun ɗan yi gardama a kan jet ɗin Kumasi, shi yana ganin da na bar shi ya sauka tunda ya fi ƙaramin kusa sosai kuma da an rage jirgi ɗaya a sama, ni kuma na ce Oga in ya sauka tayarsa ta fashe ko ya yi jinkirin fita fa, titi ɗaya gare mu. Ya ce duka biyun ana iya kare su, ya rubuta wani abu bai nuna min ba. Har yanzu ina kan ra'ayina.

Ɓangaren ƙarshe na baki ne, a kan jirgin da bai kira kowa ba, kawai ya ɓace. Ƙananan jirage suna tashi ƙasa-ƙasa, bayan tsauni rada na iya rasa su rediyo ma haka, saboda haka ɓacewar ɗigo ba kullum hatsari ba ne, kuma nan ma wurin kuskure ne don mutum na iya cewa ai haka suke yi. Dokar ICAO, hukumar jiragen sama ta duniya, ta sa matakai uku, in minti 30 ta wuce daga lokacin da ya kamata a ji shi ba a ji ba an shiga matakin shakka, in aka neme shi ta ko'ina ba labari, ko an bashi izinin sauka minti 5 ta wuce bai sauka ba kuma ba a jinsa, an shiga na fargaba, in lissafi ya nuna mansa ya ƙare ko an san ya faɗi to na ceto ne. Kana kiran sauran filaye, su Ho, Kumasi, Takoradi, Sunyani, kana roƙon jiragen da ke sama su saurari tashar gaggawa 121.5 ko za su ji shi ko kukan na'urar neman ceto, wadda sababbinta ke aika saƙo ta tauraron ɗan adam a megahaz 406. Wannan ɓangaren ba wanda ya yi wasa a cikinsa, don hatsarin jirgin soja mai saukar ungulu na 6 ga Agusta 2025 a yankin Adansi, da ya ci mutum 8 har da ministoci 2, yana ran kowa, Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Alhaji kafin mu watse ya sake kawo maganar da yake yawan yi, cewa ya kamata duk kwanturola a ɗora shi a Cessna ko sau ɗaya ya ji ƙarar da ke ciki da zafi da yadda rediyo ke shiga kunne. Hujjarsa abin da ya faru a Florida a watan Mayu 2022, direban Cessna Caravan ya suma, fasinjan da bai taɓa tuƙi ba ya ɗauki rediyo, aka kira wani kwanturola Robert Morgan daga hutu saboda shi malamin tuƙi ne, ya sa aka buga masa hoton gaban jirgin a takarda yana kallo yana faɗa wa mutumin abin da zai taɓa har ya sauka lafiya a Palm Beach. Na yarda da Alhaji rabi. Hawa jirgin zai taimaka, amma yawancinmu ba matuƙa ba ne kuma bai kamata mu fara koya wa direba tuƙi ta rediyo ba, iyaka ka tuna masa ya duba tankin mai da ɗumama kafireto in ka ji ya rikice, in kuma akwai malamin tuƙi a fili ko a wani jirgi a sama a nemo shi. Shi ya sa na nemi a manna lambobin wayar malaman tuƙi a gefen allo, kusa da na 'yan kwana-kwana da asibiti, aka ce za a duba.

Takardar sakamako ta fito an sa hannu, na ci, da sharhi layi biyu. Na farko in rage gudun magana in ina tare da ɗalibi, na biyu in riƙa waiwayar jiragen da na ajiye suna zagaye ko da na biyu na zaune kusa da ni. Abokina ɗan Aboabo an sake masa nasa a mako na gaba, suka sako masa wanda rediyonsa ya mutu ya sa 7600, lambar mutuwar rediyo, ya wuce.